Ni da 'yan hayar gidanmu na Aboabo

Tun da Baba ya rasu riƙon gidanmu na Aboabo ya dawo hannuna, ba don na fi kowa hankali ba, kawai ni kaɗai na rage a Kumasi, sauran wani yana Accra wani Tamale, autanmu ma yana Jamus. Gidan irin na da ne, ɗakuna sun zagaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta duk ranar Asabar, ɗaki uku namu ne shida na haya.

Abin dariya, a nan in ka ce gudwil, kalmar Turancin nan mai nufin kyautatawa, ba wanda zai kawo kyautatawa a ransa, kowa kuɗin nan zai tuna da ake dirkawa kafin a ba ka shago a Adum ko wajen Kejetia, na shekara biyar ko goma, kuma bayan nan ka ci gaba da biyan haya. Ɗakin kwana ma haka, dokar haya ta 1963 cewa ta yi kada mai gida ya karɓi adibas fiye da na wata shida, amma je ka Asawase ko Sawaba ka ce wata shida za ka biya, ko kujera ba za a ba ka ba, shekara biyu ne ko ka kama gabanka. Kuma ban cika ganin laifin masu gida ba fa, da yawansu da wannan kuɗin suke sayen siminti su ƙara ɗaki, don bashin banki a Ghana ruwansa sai ya cinye mutum.

To a ƙarshen 2022, lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, kuɗinmu sidi yana ta faɗuwa, adibas ɗin wani tela da ke ɗakin bakin zaure ya ƙare. Dattijo ne, tun zamanin Baba yake gidan. Bayan isha'i ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hularsa, da kyar ya ce, ɗana, shekara biyu ba ni da ita, ko shekara ɗaya ma ƙarya zan maka, in za ka yarda in riƙa ba ka wata-wata. Na ce Baba tela ai wannan ba magana ba ce, ka riƙa turowa ta MoMo, wato ta waya, in wata ya mutu. Kawuna da ya ji sai da ya kira ni, wai kai yaron nan gidan marayu ka buɗe? ga mutane suna yawo da kuɗi a hannu suna neman ɗaki. Na ce Kawu a yi haƙuri, na riga na ba shi baki.

Da damina ta kankama ina Accra wajen biki, iska ta yaye kwanon ɗaki biyu cikin dare. Kafin in iso washegari da yamma Baba tela ya kira kafinta, ya tattara samarin gidan sun kwashe katifu, an buga kwano, har ya rubuta min lissafi a bayan takardar awon kaya, ƙusa nawa katako nawa, ko kwabo bai ɗora ba. Takardar tana nan cikin jakata har yau, gefenta da awon wuyan rigar wani.

Amma kada in yi muku daɗin baki, an taɓa cuta ta. Wani saurayi ya zo da kuka aiki ya tsaya, na ɗaga masa wata uku ba rubutu ba shaida, rannan da asuba sai ɗaki a buɗe, ya kwashe komai har labule, ya bar mana bashin wuta. Matata ta ce in kai ƙara Rent Control, ofishin gwamnati mai kula da rigimar haya, na ce in kai wa, iska? Tun daga nan ko ɗan'uwana ne sai mun rubuta, ni da kai da shaidu biyu, sauƙin da na yi maka ma a rubuce yake, ranar farawa da ranar ƙarewa.

Kuma na lura ba ragin kuɗi ne ya fi taɓa zuciyar ɗan haya ba. Mitar nan guda ɗaya ta gidan ita ce uwar rigima, wane yana da firji, wance tana guga da dare, kullum ana ƙirga kwan fitila. Da na daure na nemo wa ɗakunan baya tasu mitar daban, na sa tanki saboda ranar da famfo ya ɗauke, wallahi gaisuwar gidan ma sai da ta canza. Da azumi kuma nakan raba 'yar shinkafa da sukari ɗaki-ɗaki, har da maman nan Ashanti mai zuwa coci, ita kuma duk Kirsimeti sai ta aiko wa yarana kaza da rai.

Kawu dai har gobe cewa yake na yi sanyi da yawa. Jiya ma ya zo ya zauna a zaure yana min lissafin abin da na yi asara, yana yi yana miƙa wa Baba tela hannu ana auna masa kaftanin sallah.