Mako na shida da buhun ƙyallaye: inda aikin ya kwana

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon ɗinki. Na yi alkawarin dawowa da labarin buhun ƙyallayen da na ɗauko bayan Babbar Sallah, to ga shi.

Ga wanda bai ji farkon ba: akwai wani dattijon tela a layinmu, nan Tudun Wadar Gusau. Duk bayan sallah yaransa kan share shago, su cika buhu da guntayen atamfa da shadda, su kai juji su cinna wuta. Ranar da na je roƙo, ya dube ni ya ce, "'Yata, me za ki yi da shara?" Na ce, "Baba, zanen gado nake so in haɗa wa yarona." Ya sa aka kawo mini buhun har gida, ko sisi bai karɓa ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Na yanka kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, shi nake ɗorawa in zana da alli in bi da almakashi. Idan ɗinki ya ci rabin inci ta kowane ɓangare, saura inci 4. Ina son jeri 15, kowane jeri guda 12, ke nan ƙyalle 180, zanen zai fito inci 48 a faɗi, 60 a tsawo. Yanzu jeri tara sun haɗu.

Da tuni na wuce nan, ba don ɓarnar mako na biyu ba, kuma ita nake so ku kiyaye. Ɗoki ya sa na haɗa guda 40 na farko ban wanke su ba. Da na jiƙa, wata jar atamfa ta zuba, farar shaddar da ke maƙwabtaka da ita ta koma ruwan hoda. Bayan ya bushe kuma sai na ga wuri-wuri ya tattare, saboda auduga tana shiga idan ta sha ruwan farko, yadin roba kuwa yana nan yadda yake. Na ce bari in kwantar da shi da guga. Dutsen gawayi ne, ya yi zafi sosai, ina ɗorawa wani koren ƙyalle ya narke ya manne a gindin dutsen, wari ya cika ɗaki. Kwana biyu na yi ina farke ɗinki da reza, raina a ɓace.

Malamarmu ce ta nuna mini gwajin da ya raba gardama. A yanki ɗan siririn ƙyalle, a riƙe da bakin almakashi, a kai shi ga ashana a tsakar gida, da ruwa a kusa. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta laushi gare ta, kina murzawa ta watse. Mai roba kuwa yana ja da baya daga wuta, ya narke kamar leda, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Tun daga nan kashi biyu nake yi, kuma kowane launi mai duhu sai na jiƙa shi shi kaɗai a roba na ga ruwan ya daina rina. A inuwa nake shanya, don ranar Gusau ba ta barin launi.

Wannan baƙin dunƙulen ya tsaya mini a rai. Foliyesta, wato yadin roban nan, daga man fetur ake samar da shi, danginsu ɗaya da robar ruwan sha, shi ya sa ba ya ruɓewa a juji kamar tsumman auduga, idan an ƙona kuma hayaƙin roba muke shaƙa mu da yaranmu. Ita ma audugar ba a banza ta zo ba. Ƙungiyar kare muhalli ta duniya mai suna WWF ta ce riga ɗaya ta auduga, irin 'yar shan iskan nan, tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Na lissafa da jarkar mai ruwa mai lita 25, ya kama jarka 108. Duk wadda ta taɓa zaman jiran mai kura da rani ta san nauyin wannan. A Ghana kuma, kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akara tana karɓar tufafi kusan miliyan 15 a mako daga ƙasashen waje, kaso mai yawa ba ya sayuwa, sai juji da bakin teku. Mu da iyayenmu suka noma auduga har jirgin ƙasa yana kwasa daga Ƙauran Namoda da Gusau, bai kamata a ce yadi mai kyau muke cinna wa wuta ba. Kakata ko tsumma ba ta yarwa: zane ya tsufa ya koma majanyi, majanyi ya koma gammo.

Masu robar ban zubar ba. Na yayyanka su ƙanana na cusa a matashin kai guda biyu, sun yi nauyi kaɗan amma suna zaunuwa.

Matsalar da nake ciki yanzu ita ce kusurwa. Idan na haɗa jeri da jeri, mahaɗar ƙyallaye huɗu ba ta faɗawa wuri ɗaya, wani lokaci ta goce da kusan kwatan inci. Na gano laifin daga ni ne, faɗin ɗinkina ba ya zama ɗaya idan ƙafata ta yi sauri a kan keke. Na manna salatif a farantin keken, rabin inci daga allura, ina bin bakinsa. Na kuma fara goge ɗinkin jeri ɗaya ya kwanta dama, na biye da shi ya kwanta hagu, sai su sarƙe da juna, allura ma ta daina karyewa a tudun. Jeri na takwas da na tara sun fi na baya kyau nesa ba kusa ba.

Saura jeri shida, sannan shafi. Ina da tsohon zanen gado fari da ya koɗe amma bai yage ba, shi nake niyyar sawa a baya. Wadda ta taɓa yi wa irin wannan aiki shafi ta taimaka mini: in bi layin kowace mahaɗa da ɗinki, ko bakin kawai zan kalmashe ya isa?