Tagogi a ƙarƙashin QFN: yadda nake tsara stensil a KiCad

A bod ɗin cajin batirin sola da na zana a KiCad, manhajar zana bod ɗin lantarki, akwai ayisi (ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da yawa) mai siffar QFN, wato ƙananan ƙafafu a gefe huɗu, da babban fad ɗaya (filin ƙarfe da ake liƙawa da dalma) a ƙarƙashin cikinta mai kwashe zafi ya sauke shi cikin tagullar bod. Wannan fad ɗin ya fi komai cin lokacina, domin zanensa da na sauko da shi daga intanet ya buɗe wa stensil, wato farantin da ake shafa kwaɓin dalma a kan bod ta ramukansa, rami ɗaya tal, faɗinsa daidai da fad ɗin gaba ɗaya.

Ga abin da hakan ke jawowa. Stensil ɗina farantin ƙarfe ne mai kaurin milimita 0.12, don haka faɗin rami shi ke yanke yawan kwaɓin dalmar da zai zauna. Ƙafafun gefe ɗan kaɗan suke samu, tsakiya kuwa tuli guda. Da dalmar ta narke sai ayisin ta hau kanta tana lilo kamar kwarya a kan ruwa, wasu ƙafafun su ɗaga, wasu kuma rarar dalma ta haɗe su. Na duba da gilashin ƙara girma, na ga gefe ɗaya a ɗage, haske na wucewa ta ƙarƙashinsa. Sannan kusan rabin cikar kwaɓin fulaks ne, wato sinadarin da ke taimaka wa dalma ta kama ƙarfe; idan ya ji wuta yana fitar da iska, in ba ta sami hanya ba ta maƙale ta bar kogo a cikin dalmar, zafi ya kasa sauka.

Gyaran a wurin shirya sawun ayisin na yi shi, wato zanen nan na wuraren da za ta zauna a kan bod. Na buɗe babban fad ɗin, na cire shi daga shimfiɗar F.Paste, wadda da ita ake yanka ramukan stensil, na bar masa F.Cu (ta tagulla) da F.Mask (ta fentin da ke rufe bod). Daga nan na jera ƙananan fad tara, uku-uku, marasa lamba, waɗanda a F.Paste kaɗai suke, kowanne ya zama taga ɗaya a stensil. Tsakanin taga da taga na bar kusan milimita 0.3 na ƙarfe, ta nan iskar ke ficewa, kuma farantin ba ya lanƙwashewa idan ana jan kwaɓin. Takardun masu ƙera irin waɗannan ayisi galibi suna cewa a rufe kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na fad ɗin. Ni na fi natsuwa da wajen 60.

KiCad na da wata hanyar mai sauƙi, a rage ramin da kaso ta saitin fad. Ba na sonta ga babban fad, don rami ɗaya ne dai har yanzu, iskar tsakiya ba ta da mafita.

Ƙananan hujojin da ke kai zafi bayan bod su ma sai da na lura da su, domin suna tsotse dalma. Na gusar da tagogin yadda hujojin za su faɗo a kan ƙarfen da ke tsakani. Kada kuma a ƙanƙanta tagogi fiye da kima: ƙa'idar tsara stensil ta IPC-7525 tana so girman filin bakin rami, idan an raba shi da jimillar filin bangonsa, ya kai 0.66, in ba haka ba kwaɓin ya manne a farantin ya ƙi sauka.

Yanzu kafin in tura fayilolin Gerber, wato zanen kowace shimfiɗa, wurin masu yanka stensil, sai na buɗe na F.Paste shi kaɗai a GerbView, manhajar KiCad ta duba su, in bi manyan fad ɗaya bayan ɗaya, har da na sauran kayan bod kamar MOSFET da regyuleta.