Gadon yara biyu a Styal

Da safiyar Asabar ɗan ƙanwata da ke karatu a Mancesta ya ce, "Kawu, tunda kai mutumin Funtua ne, yau zan kai ka ka ga abin da Bature ke yi da auduga." Na yi dariya. Mu da muka tashi da sunan BCGA a kunne, kamfanin da aka kafa a nan Mancesta a 1902 don neman auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka, gurza kaɗai muka sani.

Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly ana yayyafi, muka sauka ƙauyen Styal, muka gangara kwari zuwa masaƙar Quarry Bank a bakin kogin Bollin. Samuel Greg ne ya gina ta a 1784, ruwan kogin ke juya injinanta. Yanzu gidan tarihi ce. Da aka kunna mana inji ɗaya tak, sai da na toshe kunne. Wata ma'aikaciya ta nuna mana ƙarƙashinsa, inda ƙananan yara ke rarrafe suna tsintar audugar da ta zuba, inji na ta zirga-zirga a kansu. Na durƙusa na leƙa. Ko akuya ba zan tura wurin ba.

Gidan yaran ne ya fi tsaya mini a rai. An gina shi a 1790, yana ɗaukar yara har casa'in, yawancinsu marayu da 'ya'yan matalauta da aka kwaso daga gidajen gajiyayyu. A takarda koyon sana'a suka zo yi, a zahiri aiki ne daga ƙarfe shida na safe har dare, ba albashi, sai ci da sutura da wurin kwana. Gadajen kamar akwatuna, katifar tattaka, kowanne yara biyu. Na auna ɗaya da hannuna, ya yi wa jikana ɗan shekara goma kaɗan, balle su biyu. Kunun hatsin da ake ba su kuwa, saboda kauri a tafin hannu ake zuba musu, su ci a tsaye.

Akwai wani yaro, Thomas Priestley, da inji ya cire wa yatsa. A 1806 ya gudu shi da abokinsa har Landan, don kawai ya ga mahaifiyarsa. Abin mamaki, Greg ɗin nan yana cikin waɗanda ake yabo a zamaninsa, domin ya ajiye wa yaran likita, ana kuma koya musu karatu. Iyalinsa kuma suna da gonar bayi a tsibirin Dominika. To, in wannan ne mai tausayin, Allah kaɗai ya san halin yaran marasa tausayin.

Doka ta zo da jan ƙafa. Ta 1833 ce ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba a masaƙun auduga, ta kayyade wa 'yan tara zuwa sha uku awa tara a rana, da awa biyu na makaranta. Jami'ai huɗu kacal aka naɗa su duba masaƙun ƙasar gaba ɗaya! Sai a 1847 aka yi dokar awa goma ga mata da matasa, wadda ɗan Greg, Robert, ya yi ta suka.

Da yamma muka koma gari, muka taka zuwa Angel Meadow. Tsakanin 1801 da 1851 mutanen Mancesta sun ninka kusan sau huɗu, irin wannan unguwa ce ta haɗiye su: gidaje baya da baya ba iska, iyali guda a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai laima, makewayi ɗaya na gidaje barkatai. Da kwalara ta shigo a 1832 ta sami wurin zama.

Yau wurin filin shaƙatawa ne mai ciyawa shar, dogayen benaye sun kewaye shi. Na nemi benci zan huta, yaron ya ce, "Kawu, ka san a ƙarƙashin ciyawar nan talakawa wajen dubu arba'in ke kwance?" Na fasa zama. Na tsaya riƙe da lema, wani Bature yana gefe yana jefa wa karensa ƙwallo.