Rigar sanyin da na bari a gindin Jabal Musa

Sati uku ke nan da dawowarmu daga hawan dutsen Jabal Musa a Sina'i ta ƙasar Masar, amma har yanzu in na ja dogon numfashi sai in ji wani abu ya soke ni a haƙarƙarin dama. Likita ya ce zai wuce. Takaicin ne bai da alamar wucewa, duk sanda na tuna jibgegiyar rigar sanyin da na je takanas kasuwar Wikalatul Balah a Alƙahira na zaɓo a cikin gwanjo saboda wannan tafiya, sannan na naɗe ta da hannuna na ajiye a kujerar mota, na kama hawan dutse ba ita.

Mu goma sha huɗu ne, duk ɗaliban Azhar, wasu daga Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi, wasu daga unguwar Hayyul Ashir, 'yan Najeriya da Nijar da mutum biyu daga Chadi. Hutun tsakiyar shekara ne, ƙarshen Janairu. Tun da aka saki farashin fam, kuɗin Masar, a Maris na 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, ɗalibi a Alƙahira ya daina tunanin kwanan otal. Don haka karo-karo muka yi muka ɗauki shatar ƙaramar bas, a kan mu tafi da yamma, mu hau dutsen da dare, mu ga fitowar rana, mu juyo. Hanyar ta haura kilomita 400. Muka ratsa ramin Ahmad Hamdi ta ƙarƙashin mashigin Suwais, muka bi gaɓar teku ta Ras Sidr, muka karkata cikin duwatsu ta Wadi Firan. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma kowanne sai an ga fasfo da iƙama, wanda bai zo da nasa ba kada ma ya fara. Ƙarfe ɗaya na dare ta ɗan gota muka sauka kusa da tsohuwar majami'ar Sant Katrin.

A nan na yi wautar. Da na fito daga mota na ji sanyi, amma irin wanda na sani, kamar hunturun Zariya da asuba lokacin da muke karatun allo a bakin wuta. Na ɗaga rigar na ji nauyinta, na ce wannan in na sa ta zufa za ta kashe ni a hanya, in na riƙe ta kuma kaya ce. Singileti ne a jikina, da riga mai dogon hannu, da 'yar suwaita marar kauri. Na mayar da rigar kujera. Ko kaɗan ban tuna cewa walat ɗina na cikin aljihunta ba.

Ba a hawan dutsen sai da ɗan jagora daga Larabawan Jabaliyya, ƙabilar da ta daɗe tana zaune a wurin tun zamanin da aka gina majami'ar a ƙarni na 6. Namu dattijo ne siriri, da rawani ya rufe kunnuwa. Ya haska ni da tocila daga sama har ƙasa ya ce, "Fen il-jaket, ya shekh?" wato ina rigar sanyi. Na ce masa, "Mafish mushkila, ya ammu," wato babu matsala. Ya ce sanyin da ke sama ba wannan ba ne. Motar ko taku ɗari biyu ba mu yi daga gare ta ba a lokacin. Minti biyar ya ishe ni in koma in ɗauko. Ban koma ba, don ina jin kunyar a ce ni na tsayar da mutane.

Hanyar raƙuma muka bi, wadda suke kira Sikkatul Basha, tana zagaye tana hawa a hankali. Dattijon nan tafiyarsa ɗaya ce, ba ya ƙari ba ya ragi, yana ta cewa "shiwayya shiwayya", wato sannu sannu, kuma duk rumfar shayi sai ya tsayar da mu. Ni a ganina ɓata lokaci ne. Ga sanyi yana cin kunnena in muka tsaya, in muka motsa kuma sai in ji daɗi. Sai ni da wasu samari uku muka yanke muka yi gaba. Da na ɗauka dattijon tsufa ne ke damunsa. Ashe lissafi yake yi: ya san rana ba ta fitowa sai wajen shida da rabi a wannan lokacin, yana so mu isa sama daidai asuba, jikinmu a bushe. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanenmu.

Daga ƙarshen hanyar raƙuma sai matakala kimanin 750 na dutse, ba daidai suke ba, wani ya kai gwiwa. Na haye su kusan a guje. Ƙarfe huɗu saura ina kan ƙololuwa, mita 2,285 sama da teku, singiletina sharkaf kamar an tsoma a ruwa, ina murna na riga kowa.

Murnar ba ta yi minti goma ba. Iskar da ke saman nan ba ta da ƙura irin ta hunturunmu, tsabtatacciya ce, kuma yanka take yi. Ruwan da ya kwanta a tsagar duwatsu ya daskare. Duk zufar da na tara ta koma ƙanƙara a bayana. Abin da ban sani ba sai da na ji a jikina shi ne, auduga in ta jiƙe ba ta tare komai, zuƙe ɗumin jiki ma take yi. Na laɓe a jikin bangon ƙaramin masallacin da ke can sama, daura da 'yar majami'ar, haƙorana suna haɗuwa. Na ce bari in yi nafila ko motsi ya taimaka. Alwala dai ba zance, na yi taimama, na tayar da kabbara, sai na ji harshena ya yi nauyi, Fatiha tana fita a karkace. Yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Wallahi a nan tsoro ya fara shiga ta.

Ƙasa kaɗan da ƙololuwar akwai rumfunan da Jabaliyya ke ba da hayar bargo da katifa, suna sayar da shayi. Na lallaɓa na gangara, na ce a ba ni bargo biyu, na sa hannu a aljihu. Wayam. Sai a lokacin na tuna inda walat ɗin yake. Samarin da muka zo tare kuwa kowa ya watse neman inda zai ɗauki hoto.

Mai rumfar bai bari na gama bayani ba. Ya dubi leɓena, ya ja ni ciki, ya zaunar da ni kusa da risho, ya lulluɓa min barguna masu warin raƙumi, ya haɗo shayi mai zaƙi da ganyen habaƙ ya riƙe min kofin don hannuna ba ya iya riƙewa. Bai tambaye ni sisi ba. Allah ya saka wa bawan nan nasa da alheri, ya yi wa zuriyarsa albarka. Sai dai rawar ɗarin ta ƙi tsayawa, domin jiƙaƙƙun kayan suna manne a jikina a ƙarƙashin bargon, ni kuma ban yi tunanin cire su ba. Can sai na ji wani barci mai daɗi yana fizga ta. Daga baya likita ya gaya min wannan barcin shi ne mafi hatsari a cikin duk abin da ya same ni a daren.

Wajen biyar sauran suka iso. Abokin ɗakina, ɗan Damagaram, shi ya leƙo rumfar yana nemana. Yana taɓa wuyana ya ce, "Innalillahi! Malam, ai a jiƙe kake." Shi da dattijon suka cire min singiletin da rigar, ya tuɓe tasa suwaitar da rigar sanyinsa ya sa min, ya shiga bargo ɗaya da ni. Dattijon ya hana ni runtsawa, yana ta ja na da hira, yana ɗura min shayi da dabino. Ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya maka" ba.

Nan ne abin yake ci min rai. Wannan abokin nawa shi ya kawo shawarar tafiyar tun bara. Ya haddace Suratu Ɗaha tun yana yaro, ya ce burinsa ya karanta ta a kan dutsen da mutanen wurin suka gada cewa nan ne Ɗuri Sinina, inda Allah ya yi magana da Annabi Musa, alaihis salam, ya yi sallar asuba a masallacin sama, ya ga rana tana fitowa a kan duwatsun Sina'i. Wata uku yana tara kuɗin. Asubarsa a cikin rumfa ya yi ta, a zaune kusa da ni. Muna ji mutane a sama suna kabbara, wasu baƙi suna waƙoƙin addininsu da rana ta ɓullo, shi kuma yana murza min tafin hannu. Na ce ya je ko minti biyar ne, ya ce ba inda za shi.

Da rana ta ɗaga jikina ya ɗan dawo. Abokina ya biya kuɗin barguna, na shayi kuwa mai rumfar ya rantse ba zai karɓa ba. Wasu daga cikinmu suka sauka ta tsohuwar hanyar matakala 3,750 da sufayen Kirista suka sassaƙa, wadda kowa ke yabon kyanta da safe. Ni dai hanyar raƙuma aka sake biyowa da ni, dattijon yana gefe. A ƙasa suka shiga majami'ar suka ga masallacin zamanin Faɗimiyyawa da ke cikin ganuwarta, da kurmin da ake dangantawa da wutar da Annabi Musa ya hango. Ni ina zaune a rana a bakin ganuwa, ina kallon manyan motocin aikin Attajallil A'azam da gwamnatin Masar ke yi, sababbin otal da faffaɗan tituna a kwarin da ya shekara aru-aru shiru. Da na shiga mota, ga rigata nan a naɗe yadda na bar ta.

Kwana biyu da komawa Alƙahira zazzaɓi ya kwantar da ni, tari ya biyo baya, aka ce sanyi ya shiga huhu. Hoton ƙirji da allurai da magunguna sun ci fiye da ninki biyu na kuɗin tafiyar gaba ɗaya, na kuma rasa makon farko na karatu.

Ƙannenmu da suka ji labari suna ta tambayata ko su fasa zuwa. Kada ku fasa, wurin ya cancanci wahalarsa. Amma rigar sanyi ta hau tare da kai ko da a ɗaure a ƙugu ne, da hular sanyi da safar hannu. Ka sa busasshiyar riga a leda cikin jaka, kana isa sama ka canza tun kafin ka ji sanyi, wannan kaɗai da ya cece ni. Kuɗi ƙanana su zauna a aljihun wando. In ka ji zufa ta fara karyo maka a hanya, to ka yi sauri da yawa, rage. Kuma ka tsaya a bayan ɗan jagora, komai jinkirinsa.

Na riga na gaya wa abokina cewa in Allah ya kai mu Oktoba, lokacin da sanyin bai kankama ba, za mu koma, kuɗin motarsa da na jagora a kaina. Ya ce ba sai na yi ba. Na fara ajiyewa tun makon jiya.