Ba kullum ne injin jirgi ke mutuwa ba

Duk ranar da aka ce wani ƙaramin jirgi ya yi hatsari wajen sauka, tun kafin a janye shi daga kan titin saukar jirage za ka tarar mutanenmu sun gama bincike a WhatsApp, wai injin ne ya mutu, wai tsohon jirgi ne gwanjon Turawa aka sayo, wani ma ya ce ai hannu aka sa wa wane. Ni a Zariya na tashi, ba nisa da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ɗin nan da muke ce wa Abiyeshan, wadda aka kafa tun 1964, kuma duk ɗan unguwannin nan ya saba da ƙugin ƙananan jiragen ɗalibai suna zagaye, su taɓa ƙasa su sake tashi, su zagayo su kuma taɓawa, tun safe har rana ta take. Abin da ya sa malamansu ke ta sa su maimaita abu ɗaya shi ne saukar nan ita ce wurin da aka fi yin ɓarna, kuma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau yana ta aiki har lokacin da jirgin ya kifa.

Ɗauki Cessna 172, mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, wanda aka fara ƙerawa a 1956 kuma har yau da shi ake koya wa mutane tuƙi a ƙasashe da dama. Ko an cika shi da mai da mutane da ƙyar yake kai nauyin Corolla, to ka ga iska kaɗan ma wasa za ta yi da shi. Idan zai sauka yana tahowa ne da gudun kamar kilomita 120 a awa, kuma wannan gudun ba na ganin dama ba ne. In ka rage da yawa fiffike ya daina ɗaukar jirgin, ya sako ka tun kana sama. In ka ƙara, ka iso kan titi jirgi ya ƙi zama, yana ta shawagi ƙasa-ƙasa titi na ƙarewa a gabanka. Ƙarin kashi goma cikin ɗari na gudu kawai yana ƙara wajen kashi ashirin na tsawon titin da za ka ci kafin ka tsaya. Kuma a 'yan daƙiƙun ƙarshe ne matuƙi zai janye totur, ya ɗan ɗaga hanci a hankali, don tayoyin baya guda biyu su fara taɓawa, ita ta gaban daga baya ta sauko, don ba a yi ta don ɗaukar nauyin faɗuwa ba.

Nan ne fa ake yin ta. Yaro ya taho da gudu fiye da ƙima, ya ga titi na tafiya, sai ya ce bari in danna hancin ƙasa da ƙarfi ya zauna. Tayar gaba ta fara buga kwalta, jirgi ya yi tsalle, shi kuma a firgice ya sake dannawa amma ya makara, ya dawo ya sake bugawa fiye da na farko, tsalle na biyu ya fi na farko tsawo, na uku kuwa galibi ƙafar gaban ce ke karyewa, farfela ta sari kwalta ta lanƙwashe, jirgi ya tsaya da hanci a ƙasa wutsiya a sama. Yawanci ana fitowa da rai a irin wannan, sai dai kunya da kashe kuɗi, don da zarar farfela ta daki ƙasa dole a buɗe injin a duba cikinsa ko da a ido ba a ga komai ba.

Maganin wannan duka kuwa kowane ɗalibi ya san shi tun makonnin farko: ka ba jirgi wuta gaba ɗaya, ka fasa saukar, ka hau sama ka zagayo ka sake gwadawa. Minti biyar ne ko shida da ɗan mai kaɗan. Babu dokar da ta hana, mai ba jirage izinin sauka da ke kan hasumiyar filin ma ba zai tuhume ka ba, wani layi kawai zai sake ba ka. Amma wallahi mutum mutum ne, ga jama'a a tsaye suna kallo, ga wanda ka ɗauko a gefe kana so ya ce ka iya, sai zuciya ta ce ai ka riga ka iso, ƙarasa kawai. A ganina wannan nacin na sai na sauka yanzun nan ya lalata jirage fiye da duk wata matsalar inji.

Sai iska. Jirgi yana so ya sauka ne yana fuskantar iska, shi ya sa ake rataye wannan jan ƙyallen mai kama da hannun riga a gefen fili, ka duba ka ga daga ina take busowa. In ta biyo ka ta baya, littafin Cessna ɗin da kansa ya ce duk ƙarin kamar kilomita 4 a awa na iskar baya ka ƙara kashi goma na tsawon titin da kake buƙata, ka ji fa yadda abin ke taruwa da sauri. In kuma ta gefe take zuwa sai ka karkata fiffiken ɓangaren da iskar ke fitowa zuwa ƙasa, ka taka fedar juya hanci ta ɗaya ɓangaren don hanci ya miƙe da titi, ka sauka da taya ɗaya tukuna, kuma ba a gama ba don an taɓa ƙasa, da yawa a nan suke sakin jiki iska ta ɗaga fiffike ɗaya jirgi ya fita titi ya shiga ciyawa. Iskar gefe mafi ƙarfi da masu ƙera 172 suka gwada shi da ita wajen kilomita 28 ce a awa, to wanda ya san iskar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina a arewa, wadda ke yaye kwanon ɗaki, ya san wannan ba komai ba ce. Ta kan juya ma cikin minti ɗaya, ka taho tana gabanka ka iso ta koma bayanka.

Wanda ya fi kisa dai ba a kan titin yake faruwa ba, a kwanar ƙarshe ne kafin a miƙe da titi. Matuƙi ya makara wajen shan kwana, ya ga ya wuce saitin titin, maimakon ya haƙura sai ya matsa wa jirgi ya taka feda ya ja hanci don ya dawo da shi dole, alhali gudu ya riga ya ragu, sai fiffike ɗaya ya saki, jirgin ya juya ya nufo ƙasa da kai. A sama can da nisa ana iya fita daga wannan, amma a tsayin mita ɗari da 'yan kai babu fili babu lokaci.

To ga kuma hazo da duhu, wanda mu nan shi ne namu. Mai ƙaramin lasisi da ido yake tuƙi, sai ya ga ƙasa ya ga inda sama ta haɗu da ita, kuma ƙa'idar irin wannan tuƙin tana neman ka iya hangen wajen kilomita 5. A hunturu akwai ranakun da ko kilomita ɗaya ba ka gani a Kano ko Maiduguri, har manyan jirage ma a soke musu tashi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne in ido ya rasa abin kamawa jiki ƙarya yake yi maka, ka ji kamar a miƙe kake alhali jirgi ya karkata, kuma sai wanda ya yi horo na musamman na tuƙi da na'urori kaɗai ne ya iya ƙaryata jikinsa ya yarda da mita. Kowa ya tuna da marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, Allah ya jiƙansa. A Zariyan nan ya koyi tuƙi, kuma ranar 25 ga Oktoba 2012 shi da kansa ya ja Cessna Caravan daga Jalingo zuwa Yola da yamma, ya faɗi kafin ya kai filin jirgin. Ya samu mummunan rauni a kai, aka yi ta jinya a Jamus da Amurka, bai sake dawowa daidai ba har ya rasu a 2017. Da rahoton hukumar binciken hatsarin jirage ya fito, cikin abubuwan da ta lissafa akwai cewa lasisinsa bai kai na wannan jirgin ba, kuma tafiyar ta tuƙi da ido ce amma ta kai har bayan faɗuwar rana. Ba don a ci zarafin mamaci na kawo wannan ba, tambayar da ke damuna ita ce a ranar nan wa ke da ƙarfin halin da zai ce ranka ya daɗe yamma ta yi, a bari sai da safe? A ƙasar nan ƙaramin ma'aikaci bai iya faɗa wa kansila haka ba ballantana gwamna.

Ko ba oga ne ke tuƙi ba, zamansa a baya ma nauyi ne. Ana jiransa a wurin taro, an tara jama'a tun hantsi, kai matuƙi ka ce za ka juya ka koma saboda ba ka ga fili da kyau ba? Sai mai taurin rai. Ƙura ma kaɗai ta isa, a Fabrairun 2019 jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauko mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya kife a Kabba ta jihar Kogi, yana dab da taɓa ƙasa iskar farfelarsa ta tayar da ƙurar filin ta rufe wa matuƙan ido gaba ɗaya. Allah ya kiyaye kowa ya fito.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika kawowa a hira ba. Zafi da tudu suna sa iska ta yi shara-shara, filin jirgin Jos ya haura mita 1,200 daga teku, in ka haɗa da zafin Afrilu mitar gudu za ta nuna maka abin da ka saba gani amma a zahiri ka fi haka gudu a kan ƙasa, titi ya fi saurin ƙarewa, in ka ce za ka fasa sauka ma injin ba ya da ƙarfin da ka saba. Ga tsuntsaye, ga dabbobi a filayen da katangarsu ta ɓalle, ga titi mai ruwa da birki ba ya kamawa. Jiragen da ke naɗe tayoyinsu kuwa, har ƙwararru masu dubban awanni sun taɓa mantawa ba su sauke taya ba suka zauna a kan ciki, ƙararrawa na ta ihu a kunnensu hankalinsu na kan rediyo ko kan surutun wanda suka ɗauko. Shi ya sa in aka ɗauke ka a ƙaramin jirgi, dan Allah in an fara gangarowa ka yi shiru, hoton ma ka ɗauka ba tare da tambaya ba.

Injin yana mutuwa mana, ban ce ba ya yi ba. Amma ko a nan in ka bi diddigi sau tari mai ne ya ƙare saboda an yi lissafin tafiya ba a sa iskar gaba a ciki ba, ko an bar makunnin mai a kan tankin da ya bushe ga ɗayan a cike, ko ruwa ya taru a tanki ba a tsiyaye an duba da safe ba. Kuma ƙaramin jirgi in injinsa ya tsaya ba faɗowa yake yi kamar dutse ba, 172 daga tsayin kilomita ɗaya zai iya lulawa wajen kilomita tara kafin ya taɓa ƙasa, ana koya wa ɗalibai su zaɓi gona ko fili su sauka, waɗanda ke mutuwa galibi su ne masu jan hanci sama suna son su ƙara masa nisan da ba shi da shi don su kai titi.

Hukumar da ke wannan binciken a Najeriya, wadda da ake kira AIB yanzu ta koma NSIB, tana sa rahotanninta a shafinta na intanet kyauta, na farko bisa ƙa'idar duniya cikin kwana 30 ya kamata ya fito, na ƙarshen kuma ya kan ɗauki shekara ko fiye, lokacin kowa ya manta an koma wata maganar. Da Turanci suke kuma akwai tsawo, amma in ka tsallaka zuwa shafukan ƙarshe inda suke jera musabbabi da shawarwari, rabin awa ya ishe ka.