Yadda Muka Shirya Wa Gudun Kilomita 21 A Titunan Jos

Duk mai fita sallar asuba a Jos, ko mai sammakon zuwa kasuwar Farin Gada, ya san 'yan gudun garin nan. Za ka gan su a gefen titin Zariya ko kan hanyar Bukur, sirara, suna tafe ƙafarsu ko ƙara ba ta yi a kan kwalta. Da yawansu 'yan Pankshin ne da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Tun da aka fara gasar gudun fanfalaki ta Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, amma idan aka zo ɓangaren 'yan Najeriya, sau da yawa 'yan Filato za ka tarar a sahun gaba.

Mu ba irin waɗannan ba ne. Ni tela ne, shagona yana kusa da Taminus, shekaruna sun haura arba'in, kuma likita ne ya ce mini jinina ya fara hawa, in nemi abin da zai tashe ni daga kan keken ɗinki. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da mai gyaran waya, da ɗaliban Jami'ar Jos, da wata Hajiya mai sayar da atamfa, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati wanda kowa ke kira Baba. Mai horar da mu, wanda muke kira Koci, tsohon ɗan tsere ne, mutumin Pankshin, ba ya karɓar ko sisi a hannunmu sai abin da muka haɗa na ruwan sha. Shi ne ya kawo shawarar mu shiga wata gasa ta rabin zangon fanfalaki da za a yi a Abuja, wato kilomita 21 da 'yan mitoci, rabin cikakken zango mai kilomita 42 da mita 195. Ya ce mu ba shi kusan wata huɗu, mu kuma bi abin da ya ce.

Abin da ya fara cewa shi ne mu rage sauri.

Wannan magana ta fi komai wuyar shiga kunnen mutane, kuma ita ce na fi so mai karatu ya ɗauka. Mu dai a saninmu, gudu shi ne ka saki ƙafa har numfashi ya ƙare, ka dafa gwiwa kana haki, sannan ka ce ka motsa jiki. Koci ya ce wannan hanyar ce ta kai mutum gado kafin ranar gasa. Ma'aunin da ya ba mu ba ya bukatar agogo mai tsada: idan kana gudu ba ka iya gaisawa da na kusa da kai, ka tambaye shi iyali, ya amsa, ka mayar masa, to ka yi sauri. Yakan matso kusa da mutum ana cikin tafiya ya ce, "Malam, yaya kasuwa?" In ka amsa da kai kawai, sai ya ce, "To, ja baya kaɗan."

Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne, kuma ma'aikaciyar jinyarmu ta ƙara mana haske a kai. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu. Cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya buɗe, ka ji kamar za ka kai Bukur ka dawo. Amma jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin ƙwauri, da gwiwa, su watanni suke bukata. A sana'ata na san wannan: idan aka ja riga da ƙarfi, ba yadin ne ke fara yagewa ba, ɗinkin ne ke saki. Shi ya sa rauni yakan zo ne daidai lokacin da mutum ya fara jin daɗin jikinsa. Ban da haka, gudu a hankali na tsawon lokaci shi ke ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya kuma koya wa jiki ƙona kitse, ya tattala sukarin da ya adana, wanda ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana gudu da ƙarfi. Hatta manyan 'yan tseren duniya, mafi yawan gudun da suke yi a mako a hankali suke yin sa. Bambancin kawai, a hankalinsu ya fi saurinmu.

Tsarin makon bai da yawa. Talata hawan tudu, wanda a Jos ba sai ka nema ba, ta hanyar Lamingo mukan bi, ana hango duwatsun Shere. Alhamis mukan je filin wasa na Rwang Pam mu yi zagaye na mita 400 da ɗan ƙarfi, a huta, a sake. Asabar ce ranar dogon gudu, domin Lahadi 'yan'uwanmu Kirista suna coci, Juma'a kuma mu ba mu da sukuni. Kowace Asabar ana ƙara tsawon hanya kaɗan, ba a wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi makon baya, kuma bayan 'yan makonni sai a rage, a bar jiki ya farfaɗo. Sauran ranaku hutu ne ko tafiya da ƙafa. Koci yana ɗaukar hutun da muhimmanci kamar yadda yake ɗaukar gudun.

Dokar da ta riƙe ƙungiyar ita ce ta ranar Asabar: ba a barin kowa a baya. Kullum akwai mutum ɗaya da ake ɗora wa tsaron baya, aikinsa ya zauna tare da na ƙarshe ko da tafiya yake yi. Waɗanda ke gaba kuma, in sun kai wata mahaɗa da aka ajiye, ba tsayawa za su yi suna jira ba, juyowa za su yi su tarbi na baya, sannan a ci gaba tare. Samarin jami'a ba su so wannan ba da farko. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai ƙafa sosai, ya ce wa Baba, "Baba, wallahi idan na bi takunku sai in ji kamar ban fito ba." Baba ya ce masa, "Ɗana, kai kana da inda za ka je da wannan ƙafar, kada ka ƙarar da ita a kan titin nan." Yaron bai ji ba, ya koma ƙara gudu shi kaɗai da yamma a kan na safe. Kafin a kai tsakiyar shiri ciwon ƙwauri ya kama shi, irin wanda ko matsa wurin aka yi sai mutum ya zabura, ya yi makonni yana bin mu a kan keke da jarkar ruwa. Ya warke, ya kuma yi gasar, amma daga baya shi ya fi kowa neman a ba shi tsaron baya.

A ganina wannan dokar ce ta sa mutane irina suka ɗore. Wanda ya san cewa idan ya gaji za a wuce a bar shi a hanyar Rayfield shi kaɗai, Asabar mai zuwa ba zai fito ba. Wanda kuma ya san akwai mai jiransa a bakin titi ƙarfe shida saura, ko sanyi ya kai yaya sai ya yaye bargo. Sanyin Jos kuwa a Disamba da Janairu ba abin wasa ba ne, akwai daren da yakan sauko ƙasa da digiri 10, ga ƙurar hunturu mai busar da maƙogwaro da fasa leɓe. Mukan fito da hular sanyi da safar hannu, a shafe fuska da man kaɗe, a yi tafiya da ɗan sassarfa na minti goma kafin a fara, domin tsokar da ba ta ɗumama ba ita ce ke fizgewa.

Akwai wani abu da gudun nan ya yi mini wanda ba na cikin lissafin likita. Kowa ya san abin da ya faru a garin nan a 2001 da 2008 da 2010, da yadda unguwanni suka rabu, kowa ya koma inda nasa suke. Akwai sassan Jos da na yi shekaru ban taka da ƙafata ba, sai dai in wuce a mota. Hanyar dogon gudu kuwa ba ta san wannan rabon ba. In ka tashi daga Farin Gada ka bi ta Gada Biyu, ka wuce Polo da Hill Station, ka miƙe titin Yakubu Gowon har mahaɗar tsohon filin jirgi, ka ratsa ta wurin kowa. Ranar da muka bi ta unguwarmu, ni na shige gaba ina amsa gaisuwar masu shayi. Ranar da muka bi ta unguwar Koci, wata tsohuwa da ke shara a ƙofar gida ta ɗaga mana hannu ta ce, "Sannunku 'ya'yana, Allah ya ba da ƙarfi." Ba mu taɓa zama mun yi taro a kan zaman lafiya ba. Hira ce ta farashin dankali da kuɗin makaranta da wasan Plateau United, wadda sai ana tafiya a hankali take yiwuwa.

Matanmu ma dokar ta yi musu amfani. Hajiya takan fito da dogon wando mai faɗi da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi mara nauyi, kuma maigidanta da kansa yake sauke ta a wurin haɗuwa. Ta ce da ita kaɗai ce ba za ta iya fita da duhun asuba ba, ko don karnuka da maganar mutane. A cikin ayari kuwa babu mai ce mata komai. Muna bin gefen da muke fuskantar motoci masu tahowa, musamman saboda masu Keke Napep da ke sammako.

Batun takalmi, yawancinmu a gwanjon kasuwar Katako muka saya. Abin dubawa shi ne ƙasan: in ya cinye ta gefe ɗaya ko sosonsa ya mutu, a bar shi ko da samansa yana ƙyalli. A sayi mai ɗan sarari a gaba kamar faɗin babban yatsa, saboda ƙafa tana kumbura a dogon gudu, matsattsen takalmi kuma shi ke kawo bororo da baƙin farce. Abinci ba mu canza wani abu ba, Filato ba ta rasa dankalin turawa da acca. Ranar Juma'a da dare a ci tuwo ko shinkafa da wuri, da safe ayaba ko dabino biyu-uku. In gudu zai wuce awa ɗaya, mukan haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mutane suna yawan cewa ai ɗan Jos yana da riba saboda tudu. Akwai gaskiya a ciki, amma kada a zuzuta. Jos tana kan kimanin mita 1,200 daga matakin teku, iskarta ta fi ta Legas sirantaka, jiki kuma yakan ɗan ƙara himma wajen ɗaukar iska. Garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya ke atisaye, yana kan kusan mita 2,400, ninkin namu. Abin da ya fi damun Koci ba ribar tudun ba ce, zafin Abuja ne. Jikin da ya saba gudu cikin hunturun Jos bai koyi fitar da gumi da wuri ba. Saboda haka a makonnin ƙarshe ya mayar da wasu fitowarmu zuwa hantsi, lokacin da rana ta ɗaga, don jiki yana bukatar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da zafi. Dogon gudunmu mafi tsawo bai wuce kilomita 18 ba. Daga nan aka yi ta ragewa har ranar tafiya, duk da cewa wasu suna ta ƙorafin ƙafarsu na ƙaiƙayi.

Mun sauka ta Hawan Kibo, muka bi Akwanga da Keffi. Tun kafin mu kai Akwanga kowa ya tuɓe rigar sanyi.

Ranar gasa abin da aka gargaɗe mu a kai shi ya faru a gabanmu. Ana busa usur jama'a suka kwasa kamar gudun mita ɗari, titunan Abuja kuma masu faɗi ne da santsi, suna ruɗin ƙafa. Mu muka tsaya a takunmu na Asabar, muna kallo ana wuce mu. Ni da Baba da Hajiya muka jera. Kowane wurin ba da ruwa sai mun kurɓa, mu zuba saura a ka. Daga kilomita 12 muka fara tarar da waɗanda suka wuce mu, wasu suna tafiya sun riƙe ƙugu, wasu a zaune a gefen titi. Wajen kilomita 17 ƙafafuna suka yi nauyi, rana ta buɗe sosai, hira ta ɗauke. Baba ya ce, "Malam, kada ka dubi gaba da nisa, wancan turken fitilar kawai za mu kai." Haka muka yi ta kai turke bayan turke. Da ya rage saura kaɗan sai ga samarinmu, sun gama nasu tuni, lambar yabo na rataye a wuya, sun tsaya a gefen hanya suna kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya.

Na gama a cikin awa biyu da kusan rabi. Zakarun duniya suna cinye wannan zango a ƙasa da awa ɗaya, kuma tun daga ranar nake yi musu kallon girmamawa ta daban. Duk wanda ya tashi daga Jos a motarmu ya kai ƙarshe da ƙafarsa, babu wanda aka ɗauka a motar asibiti. Da na koma wurin likita ya auna ni, ya ce jinin ya sauko, amma in ci gaba da shan maganin da ya rubuta, kada in ajiye don na yi gudu.

Yanzu samarin sun matsa sai Legas a watan Fabrairu, su yi cikakken zango. Koci ya amince wa uku daga cikinsu, sauranmu ya ce mu ƙara shekara guda a kan kilomita 21 tukuna. Sababbin da suka shigo bayan dawowarmu, har da maƙwabtana biyu na layin teloli, an fara su da gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu, kuma wannan watan ni ne mai tsaron bayansu.