Kafin Naƙuda Ta Zo, A San Mai Yanke Magana

Ina yi wa ƙannena masu cikin fari da mazajensu wannan magana, musamman a nan Kabi inda har gobe ake mayar da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Al'adar tana da kyau, domin babu mai tausayin mace kamar mahaifiyarta, amma gidan iyaye gida ne mai yawan jama'a, kuma ranar naƙuda kowa likita ne.

A haihuwata ta fari a gidanmu da ke Jega, kunya ta sa na ɓoye ciwon tun daga la'asar har gari ya waye, saboda an tarbiyyantar da mu a kan cewa 'yar mutunci ba ta raki. Da Inna ta lura sai ta aika a kira ungozoma, kafin azahar ɗaki ya cika da gwaggonni da maƙwabta. Wannan ta kawo rubutu, waccan ta kawo jiƙo, wata tana cewa in yi nishi alhali lokacinsa bai yi ba, kuma duk wadda ta ambaci asibiti sai a ce a jira maigidana ya dawo daga cin kasuwa, tunda izini a hannunsa yake. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Laifina ne da ban sa mijina da Inna sun gama wannan magana tun cikin yana wata bakwai ba.

Naƙudar da ta haura awa 12 ba abin da za a zauna ana haƙuri da shi ba ne. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin yakan mutu, daga nan ake samun yoyon fitsari, kuma wanda ya taɓa leƙa cibiyar kula da masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi ya san yadda wannan ciwo ke raba yara mata da aurensu. Saboda haka miji ya ba da izininsa tun da wuri, a gaban mahaifiyarsa da surukarsa, cewa ko yana gari ko ba ya gari a kai matarsa asibiti da zarar ciwo ya fara. A ajiye kuɗin mota, a san direban da za a tasa ko da tsakar dare ne, a kuma san 'yan uwan da za su iya ba da jini. Mace ɗaya da mai cikin ta zaɓa da kanta ta isa rakiya, sauran dangi a sanar da su bayan an sauka lafiya.

'Yan barka su ne jarrabawa ta biyu. Awa 24 na farko su ne lokacin da zubar jini ya fi yi wa mai jego barazana, ita kuwa idan ɗaki cike yake da baƙi ba za ta iya buɗe baki ta ce zanenta ya jiƙe ba. A cikin wannan hayaniya ce ma ake matse dakashi a zubar a ɗura wa jariri ruwa, alhali dakashin nan shi ne garkuwarsa ta farko, kuma ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Amarya ba za ta iya hana gwaggon mijinta shiga ɗaki ba, don haka a ɗora wannan aiki a kan dattijuwar da babu mai jin haushin maganarta. Ita za ta tari baƙi da fara'a ta ce, "Sannunku da zuwa, mai jego ta samu barci, ku zo ɗakin Inna ku sha ruwa." Ita za ta miƙa sabulu da buta ga mai son ɗaukar yaro, ta lallashi mai mura ta dakata sai ranar suna, ta kuma hana a shafa wa cibiya wani abu ban da maganin da aka bayar a asibiti.